Ma'anar "adafta" da "caji mai sauri" a motar lantarki

Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune a fadarmu ta Bukoki a Yamai, ana jiran shayi na biyu, sai kawuna ya miƙo mini wayarsa. Dillalin motoci ne, ya fi shekara ashirin yana ɗauko su daga Kwatano, tun da iyakar Benin ta rufe kuma ya koma Lome. Wani abokin cinikinsa na Dubai ne ya turo masa hotunan wata motar lantarki fara ƙal, da saƙon cewa tana karɓar caji mai sauri, kuma za a haɗa masa da adafta kyauta.

Ya ce, "Ɗana, kai da ka karanci aikin wuta, wannan adafta ɗin fa? Irin wadda muke sa wa caja ce in priz bai dace ba?"

Na ce, "Kawu, sunan ɗaya ne, amma aikin ya wuce nan. Bari shayin ya sauka."

Abin da na faɗa masa a ranar nake so in shimfiɗa a nan. Tun bayan layukan mai da muka sha a Yamai a farkon 2025, kalmomin nan biyu suka fara yawo a bakin mutane, kuma da yawa za su zuba miliyoyin sefa a kansu ba tare da an warware musu ba.

Batir kamar randa yake. Girman randar ana auna shi da kilowat-awa, wato abin da mitar NIGELEC ke ƙirga mana a gida. Ƙarfin caja kuwa faɗin bakin famfo ne, ana auna shi da kilowat. A ɗauki mota mai batir ɗin kilowat-awa 60. In an jona ta a priz ɗin ɗaki, wanda ke ba da wajen kilowat 2, sai ta yi kusan awa 30 kafin ta cika. In an kafa mata caja ta bango mai kilowat 7, dare ɗaya ya isa. Duk waɗannan ba su ne caji mai sauri ba.

Masu panon sola sun san wuta iri biyu ce: ta layi, mai kai-da-komo, wadda ake kira AC, da ta batir, mai tafiya miƙe, wadda ake kira DC. Batir ba ya shan ta layi sai an juya ta. A cikin kowace motar lantarki akwai wata 'yar na'ura mai wannan aikin juyi, amma ƙarama ce, yawanci kilowat 7 ko 11. Caji mai sauri shi ne a tsallake wannan 'yar na'ura gaba ɗaya: a kafa ƙatuwar na'ura a waje, mai girman firji, ta juya wutar da kanta ta ɗura wa batir DC kai tsaye. Daga kilowat 50 ake farawa, akwai masu 150, akwai masu 350. Da mai 50, motar da muka ambata za ta kai kashi 80 cikin ɗari a wajen awa guda. Da mai 150, rabin awa ma ya yi yawa, in motar na iya shanyewa.

Wannan "in" ɗin ba ƙarami ba ne. Lambar da aka rubuta a goshin tashar caji ba ita ce za ka samu ba. Tasha na da iyakarta, mota na da tata, adafta in akwai ita ma tana da tata, kuma mafi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci. Sannan batir ba ya sha da sauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa cika buhun gero ya sani: da farko zubawa kawai ake, in ya kusa baki sai an girgiza, an danna, an ƙara kaɗan-kaɗan. Shi ya sa masu motocin nan a Turai ke cire waya a kashi 80 su kama hanya, don kashi 20 ɗin ƙarshe kan ci lokaci kusan kamar duk abin da ya gabata.

Yanzu ga inda adafta ta shigo. Je ka wurin mai cajin waya a tashar mota ka duba teburinsa: ga siririn bakin tsohuwar Nokia, ga na iPhone, ga USB-C, kowa da wayarsa. Motocin lantarki ma haka suka taso, kowace ƙasa da bakin da ta ƙera.

Japan ce ta riga kowa. A 2010 kamfanonin Nissan da Mitsubishi da Toyota da wasunsu suka kafa ƙungiyar CHAdeMO, sunan da aka ciro daga wata jimlar Japananci mai nufin "ko za a sha shayi?", wato kafin ka gama kofinka motar ta samu abin tafiya. Kawu ya yi dariya da jin wannan, ya ce su ba su san shayinmu mai zagaye uku ba. Tsohuwar Nissan Leaf, wadda ta cika kasuwar motocin hannu, wannan bakin take da shi. Turai da Amurka suka fito da CCS, amma shi ma bai zama ɗaya ba: CCS1 na Amurka, CCS2 na Turai, kuma ba sa shiga juna. Ƙasar Sin ta yi nata mai suna GB/T, inda mota ke da rami biyu dabam, ɗaya na cajin gida, ɗaya na sauri. Tesla kuma a Amurka tana da nata ɗan siriri, wanda ta buɗe wa kowa a Nuwamban 2022 ta sa masa suna NACS.

Abin da ya fi damuna game da mu shi ne, mu ba ma ƙera mota, karɓa muke daga kowace kusurwa. Wata daga Baljiyam, wata daga Amurka, wata daga Dubai, wata daga Sin kai tsaye. A motar fetur wannan ba matsala ba ce, bakin famfon gidan mai na shiga kowane tanki. A motar lantarki kuwa, fili ɗaya na dillali zai iya tara baki biyar. Kuma sunan kamfani ba ya gaya maka komai. Tesla da aka yi wa Amurka NACS ce, wadda aka yi wa Turai CCS2 ce, wadda aka yi wa Sin GB/T ce. BYD da aka sayar a cikin Sin GB/T take da shi, 'yar'uwarta da aka kai Faransa CCS2. Volkswagen ID.4 mota ce mai sunan Jamus, amma waɗanda aka haɗa a Sin don kasuwar Sin, waɗanda 'yan kasuwa ke kwasowa suna sayarwa ta Dubai, bakin Sin gare su. Ba a tambayar wa ya ƙera mota, ana tambayar wace kasuwa aka ƙera wa ita.

Adafta, ko adaptater a bakin 'yan bokonmu, ita ce guntuwar na'urar da ake sa wa tsakanin wayar tasha da ramin mota in ba su dace ba. Amma ta caji mai sauri iri biyu ce, kuma a nan ne ake cutar mai saye.

Kafin ɗigon wuta ya wuce, mota da tasha sai sun yi magana. Motar za ta faɗi ƙarfin da batirinta ke ɗauka, da zafinsa, da yawan abin da ya rage. Tasha ta amsa, a kulle baki, sannan a saki wuta. Maganar nan ba ta tsayawa har a gama. To, harshen ba ɗaya ba ne. CCS da NACS harshe ɗaya suke yi, sifar baki ce kawai ta bambanta, don haka adaftar da ke tsakaninsu tagulla ce da roba, ba ta da ƙwaƙwalwa. CHAdeMO da GB/T kuwa wata hanyar magana suke bi dabam da ta CCS. Adaftar da za ta haɗa motar Sin da tashar Turai dole ta zama tafinta: da 'yar kwamfuta a cikinta, sau da yawa da ɗan batirinta, tana jin wannan tana fassara wa wancan. Kuma tafinta yakan rikice. Adafta ɗaya za ta yi aiki a wannan tasha ta ƙi a ta gaba, ko ta yi yau, gobe an sabunta manhajar tashar ta daina, sai mai ita ya nemi wanda ya sayar masa ya turo sabon tsari a ɗora mata ta USB. Mai saye a Yamai, wa zai kira?

Akwai kuma ta ukun da ake kira adafta alhali ta cajin gida ce kawai. Ramin gida na GB/T ya yi kama da na Turai sosai, sai dai an juya mace da namiji, don haka akwai 'yar adafta mai arha da ke haɗa su. Tana da amfani, amma ba ta da alaƙa da sauri ko kaɗan. Da na ƙara girman hoton da aka turo wa kawu, ita ce a cikin jakar. Kyautar ke nan.

Ko a ƙasashen da abin ya zauna, masu motocin na fama. Ƙanena yana tuƙi a Amurka, motarsa mai CCS1 ce. A Mayun 2023 Ford ta sanar za ta koma bakin Tesla, General Motors ta biyo baya a Yuni, sauran suka bi sahu, daga Fabrairun 2024 kuma motocinsu suka fara shiga tashoshin Tesla da adafta. Ya ce samun wannan dama ya sauƙaƙa masa doguwar tafiya ƙwarai. Amma tsoffin tashoshin an yi su ne don Tesla, wadda raminta ke baya ta hagu, wayar gajera ce. Shi raminsa na wani gefen, sai ya tare wuri biyu kafin ta kai, masu jira suna hararsa. A tashoshin wasu kamfanonin kuma ya sha isa da batir a ƙasa ya tarar biyu cikin huɗu sun mutu, ko allo na aiki amma manhajar biya ta ƙi karɓar katinsa. Wayarsa cike take da manhajoji, kowane kamfani da tasa. Turai ta gaji da wannan har ta yi doka: daga Afrilun 2024 sabuwar tashar sauri dole ta karɓi katin banki, kuma a manyan hanyoyi ana so a samu tasha duk kilomita 60.

Sai mu auna da tamu hanyar. Daga Yamai zuwa Tawa, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kilomita wajen 550 ne. Yawancin motocin da dillalai ke kawowa ba za su cinye ta da caji ɗaya ba, balle da na'urar sanyi a kunne tun safe. Kuma caja ɗaya mai kilowat 150 tana jan wutar da ta fi ta na'urar sanyaya ɗaki ɗari a lokaci guda. Ba abin da za a rataya a layin unguwa ba ne, sai da taransifoma tata. Mu da muka ga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu, mun san darajar kowane kilowat. Rana dai muna da ita. Tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018 take. Ni ina ganin tashar cajin da za ta ɗore a ƙasar nan ita ce mai panonta da manyan batiranta, tana tarawa a hankali tana bayarwa da sauri.

Zafi ma abokin gaba ne. A Afrilu da Mayu, in Yamai ta haura digiri 40, motar da kanta za ta rage shan wuta don kare batirinta. Tsohuwar Nissan Leaf, da ba ta da ruwan sanyaya batir, ta yi suna da wannan ko a Turai mai sanyi, in an yi mata cajin sauri a jere. Adafta kuma ƙarin mahaɗa ce, kuma duk mai aikin wuta ya san a mahaɗa gobara ke farawa. Amfiya 200 na ratsa ta, ga ƙurar hunturu ta shiga tsakanin haƙoran. Mai kyau tana da ma'aunin zafi da ke rage wuta ko ya yanke ta. Ta bogi ba ta da shi, narkewa take yi, ta tafi da ramin motar. Kada a taɓa jona adafta a kan adafta, kuma in ba a aiki da ita a rufe bakinta a sa a jaka.

Wanda zai yi zirga-zirgar cikin gari kawai, daga gida zuwa kasuwa ko ofis, ya kwana yana caji a gidansa, duk wannan bai dame shi sosai ba, kuma motar za ta yi masa daɗi. Wanda aka sayar wa da alkawarin caji mai sauri shi ne ya kamata ya tsaya. Fatana hukuma ta zaɓi baki ɗaya tun motocin ba su yi yawa ba, kamar yadda Tarayyar Turai ta tsayar da CCS2 a dokarta ta 2014, don mai kafa tasha da mai shigo da mota su san inda suka dosa.

Kawu ya karɓi wayarsa, ya danna saƙon murya ya ce wa mutumin Dubai, "Alhaji, bar maganar kuɗi tukuna. Buɗe murfin wurin cajin nan ka ɗauko mini hotonsa, na gaba da na baya in biyu ne." Kafin a kira magariba hoton ya iso. Rami biyu ne, GB/T.