"Na yafe" ba ya nufin "riƙe mini kuɗi"

A majami'unmu na Damagaram, da ka ce "na yafe", sai a ɗauka amana ta dawo nan take. Ba haka ba ne. Yesu ya ce wa Bitrus a yafe har bakwai sau saba'in (Matiyu 18:22), bai ce a damƙa wa mai laifi makulli ranar ba. Yusufu ma bai rama ba, hatsi ya ba ƴan'uwansa, amma sai da ya sa ƙoƙon azurfa a buhun ƙanensa Biliyaminu, ya ga yayansu Yahuza ya tsaya wa yaron, kafin ya bayyana kansa.

Wata ƴar zumuntar mata ta cinye mana jika 20 na adashi. Muna gaisawa, muna waƙa tare. Ajiyar kuɗin adashin dai yanzu tana hannun matar fasto.