Rasuwar Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa

Rasuwar Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko kuma shi kaɗai a tarihinta, tana cikin mace-macen da har yau ba a tabbatar da yadda suka auku ba. Abin da aka haɗu a kansa kaɗan ne. Sojoji masu yunƙurin juyin mulki sun ɗauke shi daga gidansa da ke Legas cikin daren Juma'a wayewar garin Asabar, 15 ga Janairu 1966. An tsinci gawarsa ranar Juma'a 21 ga wata a jejin da ke gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka yi mata sutura. Tsakanin ɗauke shi da ganin gawar akwai kwana shida, kuma a kan waɗannan kwanaki ne ruwayoyi suka rabu: wace rana ya cika, harsashi ne ajalinsa ko ciwo, kuma a hannun wa. Babu kotun da ta zauna a kan maganar, ba a kuma taɓa fitar wa jama'a da rahoton likita a kan gawar ba.

Asalinsa a taƙaice

An haife shi a watan Disamba 1912 a ƙasar Bauchi. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo gida ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, sannan ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Ya shiga Majalisar Arewa a 1946, ya zama ministan ayyuka a 1952, ya zama Firayim Minista a 1957. A jam'iyyar NPC shi ne mataimakin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Yana da shekara 53 lokacin da abin ya faru.

Daren da aka ɗauke shi

Ƙasar ba ta zauna lafiya ba a ƙarshen 1965. Zaɓen Jihar Yamma na watan Oktoba ya bar baya da ƙura, ana ƙone gidaje da motoci, ana kashe mutane a kan hanyoyin da ke shiga Legas. A cikin wannan hali Ɓalewa ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a ranakun 11 da 12 ga Janairu, inda aka tattauna rikicin Rodeshiya (Zimbabwe ta yau), har Firayim Ministan Birtaniya Harold Wilson ya halarta. Baƙi sun watse ke nan, ana cikin goman ƙarshe na azumi, sojoji suka motsa.

Manjo Emmanuel Ifeajuna ne ya jagoranci aikin a Legas. Sananne ne tun kafin ya sa kaki, domin shi ya ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a tsallen ƙetare sanda a wasannin da aka yi a Bankuba ta Kanada a 1954. Shi da yaransa suka shiga gidan Firayim Minista da ke Onikan cikin tsakar dare suka fito da shi, suka kuma ɗauko Ministan Kuɗi, Cif Festus Okotie-Eboh, wanda gidansa ke kusa. A daren aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Mohammed, da Laftanar-Kanar Abogo Largema, da James Pam, da Arthur Unegbe. A Kaduna Manjo Chukwuma Nzeogwu ya afka gidan Sardauna aka kashe shi tare da matarsa Hafsatu, a Ibadan kuma aka kashe Firimiya Samuel Ladoke Akintola.

Kafin gari ya waye shirin ya wargaje a Legas. Shugaban sojoji, Manjo-Janar Aguiyi-Ironsi, ya kuɓuta ya isa barikin Ikeja ya tayar da bataliya. Da masu juyin suka ga ba nasara, sai suka fice daga birnin ta hanyar Abeokuta da waɗanda suka kama. Daga nan babu wani wanda ba ya cikinsu da ya fito ya ce ya sake ganin Ɓalewa da rai.

Ranar 16 ga wata ragowar ministoci suka miƙa mulki ga Ironsi, alhali ba su san inda shugabansu yake ba. Sardauna an ga gawarsa, Akintola ma haka. Firayim Minista kuwa sai dai a ce ya ɓace, mutane suna ta sa rai ko yana tsare a wani wuri.

Gano gawar

An ga gawar a kusa da mil na 27 a kan hanyar Abeokuta, wajen Ota, 'yar tazara kaɗan daga titi. Mutum biyu ne aka fi jin shaidarsu a kan abin da ke wurin, kuma maganarsu ba ta zo ɗaya ba.

Na farko shi ne Segun Osoba, wanda a lokacin matashin ɗan jarida ne a kamfanin Daily Times, daga baya ya zama gwamnan Jihar Ogun. Ya samu labari ranar 21 ga wata, ya hau babur ɗinsa ya je wurin, rahotonsa ya fito a Sunday Times ta 23 ga Janairu. Ya ce ya tarar da gawar Firayim Minista a zaune, an jingina ta da bishiya, cikin fararen tufafi, kuma bai ga alamar harbi a jikinta ba. Gawar Okotie-Eboh tana nan kusa cikin mummunan yanayi. Shekaru da yawa bayan haka Osoba ya ƙara da cewa gawar Ɓalewa ba ta lalace ba lokacin da ya gan ta.

Na biyu shi ne Ibrahim Babankowa, jami'in 'yan sanda ɗan Arewa da ke aiki a yankin saboda rikicin Yamma, wanda ya kai muƙamin kwamishina kafin ya yi ritaya. A hirarrakin da ya yi daga baya ya ce shi ya gano wurin, kuma gawar ta riga ta ruɓe, ita da sauran gawawwakin da ke wajen.

Wannan saɓani ba ƙarami ba ne. Duk wanda ya san zafi da laimar kurmin Kudu ya san abin da kwana shida za su yi wa gawar da aka yar a fili. In maganar Babankowa ce daidai, to Ɓalewa ya cika tun ranar 15 ga wata ko kusa da haka. In ta Osoba ce, to ya ƙara kwanaki a raye, kuma dole a tambaya: a ina, wa ke tsare da shi, tunda Ifeajuna ya riga ya gudu?

Ruwayar harbi

Ruwayar da ta fi daɗewa, wadda yawancin masana tarihi suka bi, ta samo tushe daga rahoton da sashen 'yan sandan ciki ya haɗa a 1966 bayan an yi wa waɗanda aka kama tambayoyi. Rahoton ya ɗora kisan a kan Ifeajuna. Ya nuna cewa da suka ga shirinsu ya rushe, sun tsaya a kan hanyar Abeokuta, aka fito da Firayim Minista daga mota aka harbe shi, aka bar gawar a jeji. Kisan Okotie-Eboh kuwa an danganta shi ga Manjo Christian Anuforo.

Ƙarfin wannan ruwaya shi ne ta dace da abin da aka yi wa kowa a daren. Mutumin da ake tuhuma da harbe maigidansa Maimalari, wanda yake aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, ba abin mamaki ba ne in ya harbe farar hular da ya zame masa kaya a kan hanyar gudu. Rauninta kuma shi ne ba a taɓa gwada ta a gaban alƙali ba. Bayanan mutanen da ke tsare ne, kowa yana neman ya wanke kansa, kuma babu lauyan da ya yi musu tambayar ƙwaƙƙwafi.

Ruwayar ciwon asma

A 2010 Cif Matthew Mbu, wanda ya yi minista a gwamnatin Ɓalewa, ya ta da maganar a wata hira da jarida. Ya ce sojoji ba su harbe Firayim Minista ba. Wai niyyarsu su kai shi Kalaba, inda Cif Obafemi Awolowo yake ɗaure tun bayan hukuncin da aka yanke masa a 1963, sai ciwon asma ya taso masa a mota ya cika. Mbu ya ce marubucin waƙoƙin nan Christopher Okigbo ne ya gaya masa, shi kuma Okigbo daga bakin abokinsa Ifeajuna ya ji.

Maganar ta ta da ƙura a jaridu. Masu goyon bayanta suka kafa hujja da rahoton Osoba na rashin alamar harbi. Femi Fani-Kayode, wanda mahaifinsa Remi Fani-Kayode yana cikin waɗanda aka kama a Ibadan a daren amma ya tsira, ya rubuta raddi mai tsawo yana cewa harbe shi aka yi.

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin hadisi zai fara duba isnadin wannan ruwaya. Mutum uku ne a jere, biyun farko sun mutu tun 1967, na ukun bai faɗe ta a fili ba sai bayan shekara 44. Tushenta kuma shi ne wanda ake tuhuma, mutumin da ya fi kowa buƙatar a ce ciwo ne ya yi kisan. Masu musanta ta suna kuma tambayar ina shaidar cewa marigayin yana fama da fuka tun da farko. Shi ma rahoton Osoba bai kai inda ake so a kai shi ba. Shaidar ido ce a kan gawar da ke lulluɓe cikin tufafi, daga mutumin da ba likita ba. Rashin ganin rauni daga waje ba ya kore harbi, kamar yadda ba ya tabbatar da ciwo. Sannan in har gawar ba ta lalace ba ranar 21, to ruwayar Mbu ma ta faɗi, domin ita ma cewa ta yi a mota ya cika a ranar farko.

Akwai abin da ya kamata a riƙe a nan, domin gardamar takan rufe shi. Ko da an tabbatar da ciwo ne, alhakin bai sauka daga kan masu juyin ba. Dattijo ne da aka fitar daga gidansa da bakin bindiga cikin watan azumi, ya mutu a hannun waɗanda suka sace shi, suka yar da gawarsa a jeji ba wanka ba salla, ba su kuma sanar da kowa ba. Abin da ya rage a sani shi ne yadda aka yi da lokacin da aka yi, kuma iyalansa da mutanen Bauchi suna da haƙƙin sanin wannan.

Jana'iza da kabari

Gwamnatin soja ta ba da sanarwar rasuwar ranar 22 ga Janairu. An ɗauko gawar a jirgin sama zuwa Bauchi aka binne ta ba tare da jinkiri ba, ana gab da ƙaramar salla, a zamanin Sarkin Bauchi Adamu Jumba. Allah ya jiƙansa. Gaggauta sutura shi ne abin da addini ya koyar, amma ke nan an rufe gawar ba tare da jama'a sun ji hukuncin likita ba.

An fara ginin da ke kewaye da kabarin a 1977, aka buɗe shi a 1979, kuma yana cikin wuraren tarihi na ƙasa. Mai ziyara yakan bi wani dogon lungu mai duhu wanda haske ke ƙaruwa a cikinsa sannu a hankali, kafin ya fito fili mai dogayen bango marar rufi inda kabarin yake. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayansa. Jami'ar tarayya da ke Bauchi da babban filin wasan garin suna ɗauke da sunansa, hotonsa kuma yana kan takardar naira biyar.

Dalilin da ya sa maganar ta tsaya cik

Ironsi ya kama masu juyin ya rarraba su a gidajen yari, amma bai gurfanar da su gaban kotun soja ba. Wannan jan ƙafa ya ci wa mutanen Arewa rai ƙwarai, musamman ƙananan hafsoshi da kuratan da aka kashe wa manya. Yana cikin abubuwan da suka haifar da tarzomar watan Mayu, bayan doka ta 34 da ta rushe tsarin tarayya, da kuma juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli 1966 wanda Ironsi ya rasa ransa a cikinsa.

Daga nan shaidu suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Manjo Donatus Okafor, wanda ya fice daga Legas tare da Ifeajuna, an kashe shi a 1966 bayan juyin Yuli, haka ma Anuforo. Ifeajuna da ya tsere Gana wurin Kwame Nkrumah an dawo da shi a watan Fabrairu aka tsare. Ya shiga rundunar Biyafara, sannan shugaban Biyafara, Ojukwu, ya sa aka harbe shi a Inugu ranar 25 ga Satumba 1967 tare da Victor Banjo da wasu mutum biyu, bisa zargin cin amana. Okigbo ya mutu a fagen daga kusa da Nsukka a wannan watan. Nzeogwu ya riga su tun a watan Yuli. Cikin wata ashirin da 'yan kai, manyan waɗanda za a iya titsiyewa a kan abin da ya faru a hanyar Abeokuta sun bar duniya.

Ifeajuna ya bar wani rubutu a kan juyin mulkin wanda wasu marubuta suka ga kwafinsa, amma ba a buga shi a matsayin littafi ba. Manjo Adewale Ademoyega, wanda ya rayu har 2007, ya wallafa nasa littafin a 1981 yana kare manufarsu, bai kuwa kashe gardamar ba. Mbu ya rasu a 2012.

Dama mafi girma ta zo a 1999, lokacin da Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa hukumar binciken take haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, aka faɗaɗa huruminta ya koma baya har zuwa 15 ga Janairu 1966. Hukumar ta saurari ƙungiyar Ohanaeze ta ƙabilar Ibo da ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa a kan abubuwan da suka faru a waccan shekara, ta miƙa rahotonta a 2002. Gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka yaɗa shi a 2005.