Me ya sa sigina ba ta mutuwa bayan an sha kwana?

Tambayoyin nan su ne dai ake ta maimaita mini, shi ya sa na tara su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai da gaske mota tana kashe sigina da kanta?

E. Kuma ba yau aka fara ba. Kamfanin Buick na Amurka ya sa wannan dabara a motocinsa tun 1940.

To mene ne abin damuwa idan ta ci gaba da ƙyaftawa? Ai wuta ce kawai.

Wannan tambayar ce ta fi ɓata mini rai. Sigina magana ce kake yi da sauran mutanen da ke kan titi. Ga mutum nan a mahaɗa yana jiran ya hau babban titi, ya hango ka tafe, siginarka tana cewa za ka karya kwana kafin ka iso gare shi. Ya yarda da kai, ya ɗage ƙafa daga birki, ya shigo. Kai kuwa miƙewa za ka yi, ba ka ma rage gudu ba. Ƙarya ka yi masa ba ka sani ba, kuma ƙofarsa za ka daka.

Ta yaya motar take sanin na gama shan kwana?

Ba ta sani ba, sitiyari kawai take bi. A bayansa akwai wani zobe mai ɗan tudu da ke juyawa tare da shi. Idan ka ba da sigina, wani ɗan harshe na roba yakan leƙo. Lokacin da kake karya kan mota tudun yakan wuce shi salin-alin, amma da sitiyari ya juyo zai miƙe sai ya ture harshen, sandar siginar ta koma tsakiya, ka ji ƙas.

Tawa tana ƙyaftawa da sauri fiye da da.

Galibi wani ƙwan fitilar sigina ne ya mutu. Zagaya motar ka duba, ka canza shi. Ƙa'idar ita ce ƙyaftawa 60 zuwa 120 a minti ɗaya.

Siginata ta daina mutuwa da kanta. Me ya lalace, kuma me zan saya?

Kada ka sayi komai tukuna. Mai yiwuwa ma babu abin da ya lalace. Idan a kwana mai faɗi ne, ko wajen canza hannu a babban titi, ko fita daga shataletale, sitiyari bai juyu har tudun nan ya kai ga harshen ba, to dole ta ci gaba da ci. Wannan ba ciwo ba ne, kwantar da hankalinka. Samu fili, ka ba da sigina, ka karya sitiyari sosai ka dawo da shi, dama sau ɗaya, hagu sau ɗaya. Idan ɓangare ɗaya ya mutu ɗayan ya ƙi, galibi harshen ne ya cinye ko sifirin ɗinsa ya saki, kuma a motoci da yawa ba a sayar da shi shi kaɗai, sai dai a canza makunnin gaba ɗaya. Idan duka biyun sun ƙi, zoben na iya zama ya tsage. Amma ka tuna baya: an cire sitiyarin kwanan nan? An yi gyaran ƙafa aka bar shi a karkace? Sau da yawa zoben lafiyarsa ƙalau, mayar da shi ne ba a yi daidai ba. Sannan wasu sababbin motoci ba su da harshen ma sam, kwamfutar mota ce ke auna juyawar sitiyari ta kashe, irin waɗannan sai an jona na'urar bincike. Ko ma wanne ne, idan sitiyarinka yana da jakar iskar nan mai kare direba, kada ka sa sukuddireba a wurin. A cire batir tukuna, kuma wanda ya san aikin ya yi.

Babur fa?

Yawancinsu ba sa kashewa, domin ɗan babur kwantar da mashin yake yi a kwana, kan ba ya juyawa sosai. Wasu baburan Yamaha suna kashewa bayan daƙiƙa 10 da tafiyar mita 150. Idan naka ba ya yi, babban yatsanka ne na'urar. Danna maɓallin bayan kowace kwana har ya zame maka jiki.

Ba na jin ƙarar siginar saboda rediyo.

Rage rediyon. Koren kibiyar siginar kuma tana gabanka. Wasu motocin General Motors suna yin ƙara idan ka yi kusan kilomita 1.2 da sigina a kunne, amma kafin nan mahaɗa nawa ka wuce?

Wajen canza hannu fa, yaya zan yi kada in manta?

Kada ka tura sandar har ta kama. Taɓa ta kaɗan ka saki. A motoci da yawa na zamani za ta ƙyafta sau uku ta mutu, a tsofaffi kuwa ka riƙe ta da yatsa har ka gama shiga, sannan ka saki.