Mirginawar fararen ƙwayoyin jini a bangon jijiya

Mirginawa ita ce matakin farko da farar ƙwayar jini ke bi kafin ta bar jijiya ta shiga naman da ya ji rauni ko cuta ta kama. Galibi tana faruwa ne a ƙananan jijiyoyin da ke kwaso jini daga nama zuwa zuciya, inda gudun jini ya lafa, jajayen ƙwayoyi suka cika tsakiya suka ture fararen gefe. Julius Cohnheim na Jamus ya bayyana fitar ƙwayoyin a 1867 daga abin da ya gani a jikin kwaɗo, amma sai a 1991 aka nuna cewa furotin da ke mirginawa daban, mai tsayarwa daban.

Furotin da ake kira selektin ne ke mirgina ƙwayar, kuma iri uku ne. Selektin P a ajiye yake cikin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin bangon jijiya, sinadarin histamin ko turombin na fito da shi cikin mintoci. Selektin E sai an ƙera shi bayan sinadaran kumburi sun iso, yakan kai ƙololuwa cikin awa 4 zuwa 6. Selektin L kuwa a jikin farar ƙwayar yake. Dukkansu wani sukari mai ɗauke da fukos suke kamawa, musamman wanda ke kan furotin PSGL-1 na jikin farar ƙwayar, kuma sai da kalsiyam.

Riƙon ba ya daɗewa. Kamar ƙarangiyar da ake mirginawa a kan zane, ƙayar gaba na kamawa ta baya na saki. Abin mamakinsa shi ne jan da jini ke yi yana ƙara masa ƙarko har zuwa wani iyaka, shi ya sa idan gudun jini ya yi rauni ainun selektin L ba ya iya mirgina ƙwayar. A kan selektin E, ƙwayar da ke gudun ɗaruruwan maikuromita (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a daƙiƙa takan dawo ƙasa da 10. Wannan jinkirin ne ke ba ta damar jin sinadaran kira da ke manne a bango, irin su IL-8. Da ta ji su, furotin ɗinta masu tsayarwa da ake kira integirin, wato LFA-1 da Mac-1, sai su miƙe su cafke furotin ICAM-1 na bangon jijiya, ta tsaya cak, ta baje, ta rarrafa ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon.

Jaririn da aka haifa da naƙasar CD18, wani sashe na integirin, fararen ƙwayoyinsa na mirginawa amma ba sa tsayawa. Cibiyarsa takan wuce mako uku ba ta faɗi ba, gyambonsa ba ya mugunya, gwajin jini kuma ya nuna fararen ƙwayoyi sun yi yawa ƙwarai. Jinkirin cibiya shi kaɗai ba hujja ba ne. Haɗuwar alamun uku ce abin kai wa asibiti da gaggawa.

A Kaduna an fi cin karo da kishiyar wannan, wato manne fiye da kima. A jikin mai sikila, selektin P na riƙe fararen ƙwayoyi, su kuma su tare jajayen da suka lanƙwashe, jijiya ta toshe, ciwon ƙashi ya tashi. Amurka ta amince da maganin crizanlizumab mai toshe selektin P a 2019, amma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023 bayan babban gwaji bai nuna yana rage tashin ciwon ba.