Yadda Ake Ayyana 'Yan Aware a Matsayin 'Yan Ta'adda, da Abin da Takunkumi Ke Jawowa

Neman ɓallewa daga ƙasa shi kaɗai ba ya mayar da ƙungiya ta ta'addanci. Mutanen Kubek sun jefa ƙuri'a kan rabuwa da Kanada a 1980 da 1995, na Sukotland sun yi tasu a 2014, kuma babu wanda ya kira jam'iyyun da suka ja gaba 'yan ta'adda. Abin da doka ke dubawa shi ne hanyar da ƙungiyar ta bi, wato kashe farar hula, dasa bam, garkuwa da mutane, ko tsorata jama'a don a tilasta wa gwamnati biyan wata buƙata. Idan gwamnati ta cakuɗa buri da hanya, ayyanawar takan zama makamin siyasa, kuma takan sha wahala a gaban kotu.

Duniya ba ta da jerin sunaye guda. Wanda Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa da ƙuduri mai lamba 1267 na 1999 ya shafi Al-Ƙa'ida da ISIS ne da masu alaƙa da su. Ƙuduri na 1373 na 2001 kuwa ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin daskarar da dukiyar masu ta'addanci, ya bar mata zaɓin sunayen. Shi ya sa IPOB, mai neman kafa ƙasar Biyafara, haramtacciya ce a Najeriya amma ba ta cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci na waje na Amurka, alhali PKK ta Kurdawa tana jerin Amurka tun 1997 da na Tarayyar Turai tun 2002.

Tsarin Amurka ya fi kowanne cizo saboda dala. Sashe na 219 na dokar shige da fice ya ba Sakataren Harkokin Waje ikon ayyanawa bayan ya tuntuɓi Antoni Janar da Sakataren Baitulmali. Sharuɗɗan uku ne: ƙungiyar ta zama ta ƙasar waje, tana aikata ta'addanci ko tana da ƙarfi da niyyar aikatawa, sannan ayyukanta na barazana ga Amurkawa ko ga tsaron ƙasar. Ana sanar da shugabannin majalisa a asirce kwana 7 kafin a wallafa sunan. Daga ranar wallafawa ƙungiyar na da kwana 30 ta ƙalubalanci matakin a kotun ɗaukaka ƙara da ke Washinton, bayan shekara 2 kuma tana iya neman a cire ta. Akwai hanya ta biyu, wato umarnin shugaban ƙasa mai lamba 13224 na Satumbar 2001, wanda ya fi karkata ga dukiya kuma yana kama ɗaiɗaikun mutane. Ƙungiyar BLA ta Balocistan a Pakistan ta shiga wannan jerin a 2019, sannan aka saka ta a jerin ƙungiyoyin ta'addanci na waje a Agustan 2025.

A Najeriya ta kotu ake bi. Bayan amincewar shugaban ƙasa, Antoni Janar kan nemi umarni daga alƙalin Babbar Kotun Tarayya ba tare da an gayyato ƙungiyar ba, sai a buga umarnin a mujallar gwamnati da jaridu biyu na ƙasa. Haka aka haramta IPOB a Satumbar 2017, a ƙarƙashin dokar 2011 da aka gyara a 2013, wadda dokar 2022 ta maye gurbinta. A Birtaniya Sakataren Cikin Gida ne ke gabatar da umarnin, majalisa ta amince, kuma zama mamba kaɗai na iya jawo ɗaurin shekara 14.

Da zarar suna ya fita, bankuna ne ke fara aiki. Daskarar da asusu ba ƙwace shi ba ne: kuɗin na nan da sunan mai shi, amma ba a cirewa, ba a turawa, ba a biyan bashi da su sai da izini. A Amurka banki na da kwanakin aiki 10 ya kai rahoton abin da ya riƙe ga ofishin OFAC na Ma'aikatar Baitulmali. Duk kamfanin da waɗanda ke jerin suka mallaki kashi 50 cikin ɗari nasa ko fiye, shi ma ya daskare ko da ba a ambaci sunansa ba. Mambobin ƙungiyar kuma ba sa samun biza.

Abin da ya fi kama mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba shi ne laifin ba da tallafi. A dokar Amurka hukuncinsa ya kai shekara 20, ko ɗaurin rai da rai idan an rasa rai. Tallafi ya haɗa da kuɗi, masauki, horo, sufuri da shawarar ƙwararru. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da ta shafi PKK da ƙungiyar LTTE ta Tamilawan Siri Lanka, ta yanke cewa ko koya wa ƙungiya yadda za ta kai kokenta ta hanyar lumana laifi ne idan an yi shi tare da ita. Wanda ya faɗi ra'ayinsa a ƙashin kansa bai shiga ciki ba. Saboda haka mazaunin waje da ke biyan kuɗin wata-wata na ƙungiya, ko ke tara gudummawar "marayun yankinmu" ta asusun da ita ke riƙe da shi, yana cikin haɗari ko da niyyarsa jinƙai ce. Abin da za a tambaya shi ne ko ya san wace ƙungiya ce, kuma ya san an ayyana ta ko tana ta'addanci.

Matsalolin tsarin ba ƙanana ba ne. A 2014 kotun Tarayyar Turai ta soke matakan da suka riƙe LTTE a jerin, domin an dogara da rahotannin jaridu da intanet maimakon hukuncin hukumomin da doka ta amince da su. Kotun ba ta wanke ƙungiyar ba, aikin tattara hujja ne ta ce bai cika ba. Sai kuma kamanceceniyar suna: suna ɗaya na iya samun rubutu huɗu ko biyar a boko, sai na'urar banki ta riƙe kuɗin wanda bai ji ba bai gani ba. Maganin wannan shi ne gaggauta kai wa banki fasfo da shaidar ranar haihuwa domin a bambance. Wasu bankunan ma sukan rufe asusun ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin rikici baki ɗaya, don gudun tara.

Mafi nauyi a ganinmu shi ne abin da ayyanawa ke yi wa sulhu, domin rikicin ɓallewa yakan ƙare ne a teburin tattaunawa ko ya ci rayuka masu yawa. Da Tarayyar Turai ta saka LTTE a jerinta a 2006, ƙungiyar ta ce ba ta yarda da masu sa ido kan tsagaita wuta daga ƙasashen tarayyar ba, sai 'yan Denmak da Finland da Suwidin suka fice, aka bar 'yan Norwe da Aisland kaɗai a tawagar. Fita daga jeri kuma na ɗaukar lokaci: ETA ta yankin Bask a Sifaniya ta daina kai hari a 2011, ta rushe kanta a 2018, amma sai a 2022 Amurka ta cire sunanta.