Sabuwar Kwalta A Cikin Unguwa: A Rage Gudu Tun Kafin A Rasa Yaro

Duk unguwar da aka shimfiɗa wa kwalta murna ake yi, kuma murnar tana da hujja. Ƙura ta kwanta, taɓon damina ya ƙare, ɗan adaidaita sahun da a da yake ƙin shigowa yanzu har ƙofar gida yake sauke mutum. Amma mu da muke aiki a ƙananan asibitocin unguwanni mun san abin da kan biyo baya. Ramukan nan da kowa ke tsine wa su ne suke tilasta wa direba taka birki. Da zarar an cike su titi ya yi sumul, layin da yara ke buga ƙwallo, inda 'yan talla ke zama, inda dattijo ke tsallakawa zuwa masallaci, sai ya zama hanyar yanke ga duk mai gudun cunkoson babban titi. Gidajen suna nan inda suke, yaran ba su ragu ba. Gudu ne kaɗai ya ƙaru.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma babu abin da ya kai shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba. Masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Mu kuwa da an ce haɗari, hankalinmu kan tafi hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda tirela ke murƙushe bas. Irin wannan ne ake ji a rediyo. Na cikin unguwa ɗaya-ɗaya yake zuwa: yau yarinyar da aka aika sayo magi, gobe almajiri da robarsa. A yi sulhu a zauren mai unguwa, a ce tsautsayi ne, a ɗauki yaro a kai wa mai ɗori. Da yawa ba sa shiga littafin kowace hukuma.

Bari in daɗe a kan gudu, domin nan maganar take. Direban da ke tafiyar kilomita 30 a awa, daga ganin yaro ya faɗo titi zuwa sa ƙafarsa a birki, wajen daƙiƙa ɗaya ce, kuma a cikinta motar ta riga ta ci mita 8. Birkin zai ci wasu mita 5, ya tsaya a wajen mita 13. Wanda ke kilomita 50 kuwa, a wannan daƙiƙar kaɗai ya ci kusan mita 14, kafin ya tsaya cak sai ya kusa mita 28. Wato yaron da ya ɓullo mita 13 a gaba, direban farko zai tsaya a gabansa ya yi masa faɗa, na biyu zai buge shi tun bai ma taɓa birki ba. Wannan lissafin na mota mai lafiyayyen birki ne da taya mai kyau a busasshiyar kwalta. Ku da kanku kun san irin tayoyin da ke yawo a garuruwanmu.

Ƙarfin bugun ma ba daidai da gudun yake hawa ba. In gudu ya ninka sau 2, ƙarfin bugu sau 4 yake ninkawa. Wanda mota ta buga a kilomita 30 kamar ya faɗo ne daga tsayin mita 3.5, wato daga kan rufin gida. Akwai rauni, amma galibi ana tashi. A kilomita 50, kamar daga mita 10 ya faɗo, saman bene mai hawa 3. Ga shi yaro gajere ne: inda gaban mota zai sami babba a ƙafa, shi a ƙirji da kai yake samunsa.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari. Ga babban titi mai gefen tafiyar ƙafa, wannan ba laifi. Ga layin da ƙofar gida ke buɗewa kai tsaye a kan kwalta, ya yi yawa. Shi ya sa a taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 aka yi matsaya cewa duk inda mutane da ababen hawa ke cuɗanya, kada gudu ya wuce kilomita 30. Birnin Brussels ya koma haka a 2021, Paris ma ta bi a shekarar. Su da suke da fitilun titi da gefen tafiya ke nan.

Akwai maganar da ba ta rasa fitowa duk ranar da aka buge yaro: "Ina uwarsa take?" Gaskiya ne, bai kamata a aiki ɗan shekara 5 ya tsallaka titi ba, kuma ina roƙon iyaye mata da yayye su daina. Amma a sani, yaron da bai kai wajen shekara 10 ba bai iya auna saurin abin da ke tahowa ba. Yana ganin mota a nesa, a ransa tana da sauran tafiya. In ƙwallo ta gangara, ƙwallon kawai yake gani. Ba rashin tarbiyya ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta kai nan ba. A koya masa duba dama da hagu, a maimaita, amma wata rana zai manta. Abin da muke nema shi ne titin da in yaro ya manta, mantuwar ba za ta zama ajalinsa ba.

Allon da aka rubuta "A rage gudu" ba ya rage gudun kowa, sai wanda dama mai hankali ne. Abin da ke aiki shi ne titin da kansa ya hana direba sakin mota. Jama'a sun gane haka tuntuni, shi ya sa da an yi rashi a layi, washegari samari kan fito da siminti da bulo su gina tudu, wasu su jera tayoyi ko su gitta kututture, wasu ma su fasa kwaltar su haƙa rami. Ba na ganin laifin zuciyar da ta sa su. Aikin ne ba ya kyau. Tudu mai tsini, siriri, ba fenti ba alama, shi ne ke kayar da mai babur da daddare, ya wurgar da matar da ya goyo. Mai naƙuda a bayan adaidaita da mai karaya a hanyar asibiti su suke shan azabarsa. In kuma bai kai bakin kwata ba, sai direbobi su riƙa kaucewa ta gefe, daidai inda masu ƙafa ke bi. An gudu ba a tsira ba.

Tudun rage gudu na ƙa'ida ba tsayi ne ƙarfinsa ba, faɗi ne. Tsayinsa santimita 7.5 zuwa 10, shimfiɗarsa kuma wajen mita 3.5 zuwa 4, ya hau a hankali ya sauka a hankali. Mai tafiyar kilomita 25 zuwa 30 zai haye lafiya, mai sharara gudu ne zai ji a jikinsa. A shafa masa fenti mai ɗaukar ido, a kafa alama kafin a iso shi, a bar wa ruwa hanya don kada ya kwanta ya cinye kwaltar. Kuma guda ɗaya a dogon layi ba ya wadatarwa, domin direba yana hayewa zai ba ta wuta. Akan jera su da tazarar da ba ta wuce mita 100 ba.

Ba sai mun je Turai neman shaida ba. A Ghana, a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi, an sa ƙananan kunyoyin nan masu girgiza mota, sai haɗurra suka ragu da wajen kashi 35 cikin 100, mace-mace kuma da kashi 55. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta bi makarantun firamare da aka fi buge yara, ta yi musu tudun rage gudu da wurin tsallakawa da gefen tafiya, bincike ya nuna raunin yara ya ragu da kashi 26 cikin 100. Duk ba aikin biliyoyi ba ne.

Wani abin kuma ba na gwamnati ba ne, namu ne. Motar da aka yi fakin daidai kwana, kwantenar da aka dasa a bakin layi, yashi da bulon gini da aka zube a rabin titi aka manta, teburin mai shayi da janaretan shago da suka cinye inda ya kamata a taka: su ne ke tura masu tafiya tsakiyar kwalta, su kuma ɓoye yaro daga idon direba. Ba cewa nake a kori mai neman abinci ba. A matsa da shi 'yan taku daga kwana da ƙofar makaranta, shi ke nan. Hadisi ya tabbata cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, to balle wanda mu muka ajiye shi. Makarantar boko ko Islamiyyar da ƙofarta ke kallon titi, in da hali a buɗe wata ta lungu. In babu, a sa manya biyu su tsaya lokacin tashi, a riƙa tsallakar da yara rukuni-rukuni. Tashin Islamiyya gab da magariba ya fi ba ni tsoro, saboda haske ya ragu, kowa na saurin komawa gida, a watan azumi kuwa abin sai addu'a.

Masu gudun nan fa ba baƙi ba ne duka. Ɗan gidan Alhaji ne da aka ba makullin mota yana shekara 15, alhali doka ta ce sai 18 ake ba da lasisi. Abokan ango ne ranar kai amarya, ana wasan mota da babur a layin da yara suka cika don kallo. Kowa ya san su, kowa ya san iyayensu, sai a yi shiru don kara. Maganar liman a bayan sallah da ta mai unguwa a gaban uban yaro ta fi tarar kowace hukuma tasiri a irin wannan.

In unguwa na son tudu na ƙa'ida, a bi ta hannun mai unguwa da kansila, a rubuta takarda zuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ayyuka ta jiha, a ba hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, kwafi, da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, wato KAROTA in a Kano ne, ko KASTLEA a Kaduna. Kada takardar ta tsaya a "ana yawan haɗari". A samu littafi a riƙa rubuta rana da lokaci da wurin da abin ya faru da irin abin hawan, har da waɗanda aka sha da ƙyar. Jami'i yana iya kau da kai daga koke, amma jerin ranaku da wurare yana da wuyar musantawa. Ko da jama'a ne za su yi karo-karo su biya, a nemi izini da injiniyan da zai auna. Inda ake shirin sabuwar kwalta kuwa, tun ɗan kwangila bai kwashe kayansa ba ya kamata a nemi a haɗa da tudun da wurin tsallakawa a gaban makaranta, da hana tifa da manyan motoci ratsa layin.

In kuma abin ya riga ya faru, mintunan farko suna da tsada. A fara tsayar da ababen hawa don kada a sake bi ta kan wanda aka buge. A kira 122 na FRSC ko 112, lambar gaggawa ta ƙasa. Kada a ɗauke shi hannu da ƙafa yana lilo, domin in ƙashin wuya ko na baya ya taɓu, wannan ɗaukar ce ke nakasa mutum har abada. In dole a ɗauka, a shimfiɗa shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Kada a ɗura masa ruwa, zai iya shaƙewa, kuma wataƙila a buƙaci yi masa tiyata. Masu ɗaukar hoto da waya su ba da wuri. Masu dukan direba su sani, ban da cewa laifi ne a doka, tsoron dukan nan ne ke sa na gaba ya tsere ya bar yaro a kwance, alhali motarsa ce mafi kusa da za ta kai shi asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.

Karaya a fara kai ta asibiti a ɗauki hoto kafin a yi maganar ɗori, musamman in fata ta fashe. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Yaron da ya bugu a kai ya tashi yana tafiya, shi ma a kai shi a duba, sannan a sa masa ido kwana 2. In ya fara amai, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko jijjiga, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.