Kasafin kuɗi fa ba kuɗi ba ne a ajiye

Duk shekara in aka karanta kasafi sai ka ji mutane na cewa to ga tiriliyan kaza an ware wa hanyoyi da asibitoci, ina kuɗin suka shiga, an cinye ke nan. Eh ana ci, ba musu, amma wallahi yawancinmu mun ɗauka ranar da aka sa hannu kuɗin na jibge a baitulmali ne ana jiran rabo, alhali kasafi kirdado ne kawai, lissafin abin da gwamnati ke sa ran samu daga haraji da kwastan da bashi da tallafin ƙasashen waje, sai kuma izinin kashewa in sun shigo.

Ku dubi Nijar a 2023. Kasafin shekarar ya kai sefa tiriliyan 3.29, sai aka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli, ECOWAS ta saka takunkumi aka rufe iyakoki, Tarayyar Turai da Faransa suka tsayar da tallafi, kafin ka ce kwabo a watan Oktoba an zaftare shi ya koma tiriliyan 1.98, wajen kashi 40 cikin ɗari ya tafi. Ba wanda ya sace wannan giɓin, kuɗin ne tun asali ba su shigo ba. Kuma Yamai ba ta da ikon buga sefa ta cike ramin, wannan hurumin BCEAO ne, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, can Dakar.

In kuɗi sun gaza albashi da tsaro ake fara biya, kwangilar hanya da ginin aji su ke jira, shi ya sa za ka ga aiki ɗaya na ta maimaituwa a kasafi shekara da shekaru.